YADDA AKE BINCIKEN TARIHIN KAKA MAI INJIN NIƘA

A ƙauyuka da yawa na ƙasar Hausa akwai gidan da ake kira Gidan Mai Inji. A wani wurin injin niƙan yana nan yana aiki. A wani wurin kuwa ya daɗe da mutuwa, ba abin da ya rage sai dandamalin siminti da tabon baƙin mai. Amma sunan bai bar gidan ba. Idan aka tambayi samarin gidan wa ya kawo injin, sai su ce kakansu. Idan aka ƙara da cewa daga ina kakan ya zo, wace shekara ya kafa injin, su wa ye 'yan'uwansa, sai a ji shiru.

Wannan shiru yana jawo asara. Ranar rabon gado alƙali zai nemi sunayen magada duka, maza da mata. Idan an manta da 'ya'yan wata mata da aka rabu da ita tun da daɗewa, an ci haƙƙinsu. Ranar da rigimar fili ta tashi, za a nemi sanin yadda kaka ya sami wurin da ya kafa injin. Saye ya yi, ko kyauta aka ba shi, ko aro ne? Wanda bai sani ba yana iya rasa nasa, ko ya riƙe na wani. Sannan akwai dangi a wasu garuruwa da zumunci ya yanke da su, don kawai babu wanda ya san hanyar gidansu.

Tarihin irin wannan kaka ba ya cikin littafi guda. A warwatse yake a wuri uku: bakin tsofaffi, jikin injin, da tsofaffin takardu. Duk wanda ya koyi karatu da rubutu a ajin yaƙi da jahilci zai iya tattara shi. Kayan aikin ba su da tsada. Littafin rubutu irin na 'yan makaranta, da biro, da goron gaisuwa sun isa a fara. Sai dai aikin ba ya son jinkiri, domin kowace shekara tsofaffin da suka ga zuwan injin raguwa suke yi.

A FARA DAGA GIDA

Mai bincike ya fara da kansa, sannan ya yi sama. A shafi na farko ya rubuta sunansa, da na mahaifinsa, da na mahaifiyarsa. A shafi na biyu ya rubuta kakanninsa huɗu, biyu na wajen uba, biyu na wajen uwa. Daga nan kowane mutum a ba shi shafinsa dabam.

A shafin kaka mai inji a rubuta waɗannan tambayoyi. A bar fili a ƙarƙashin kowace don amsa.

1. Mene ne sunansa na yanka, kuma da wane laƙabi aka san shi?
2. Su wa ye iyayensa, kuma a wane gari aka haife shi?
3. Mata nawa ya aura, har da waɗanda suka fita ko suka rasu? Su wa ye 'ya'yan kowace?
4. Wace sana'a yake yi kafin inji?
5. Ina ya sami kuɗin sayen inji?
6. Injin nasa ne, ko aiki yake yi wa wani?
7. Yaya ya sami filin da aka kafa injin?
8. Bayan ransa, hannun wa injin ya koma?

Tambaya ta shida tana da muhimmanci. Mutanen gari sukan kira duk wanda suka gani a bakin inji da sunan Mai Inji. Alhali wani lokaci injin na wani attajiri ne a birni, wanda ke ƙauye yaronsa ne, yana kai masa ciniki. Wani lokaci kuma mutum biyu ne suka haɗa jari. Idan ba a bambance wannan ba, jikoki za su yi ta neman gadon abin da ba na kakansu ba.

MATSALAR SUNA

Abu na farko da yakan rikitar da mai bincike shi ne suna. Bahaushe yakan yi suna biyu ko uku. Akwai na yanka, wanda aka raɗa ranar suna. Akwai na rana, kamar Ɗanladi, Ɗanjuma, Talatu ko Laraba. Akwai na yanayin haihuwa, kamar Tanko, wato namijin da ya biyo mata, ko Kande, macen da ta biyo maza. Akwai kuma na sana'a. Sau da yawa sunan sana'a yakan danne na yanka, har jikoki su tashi ba su taɓa jinsa ba. A takardar haraji da ta kotu kuwa, sunan yanka aka fi rubutawa.

Sannan ga alkunya. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko bayan ransa. Ba za ta faɗi sunan ɗanta na fari ba. Kada a matsa mata. A tambayi ƙanwar mijin, ko taubashinsa, ko abokin wasansa na ƙuruciya. Akwai kuma wata dabara. A duba jikokin da aka yi wa kaka takwara da su. Yaron da ake kira Abba ko Baba, sau da yawa sunan kakansa ya ci. Yarinyar da ake kira Ummi ko Uwani, sunan kakarta ta ci. In an san sunan yankan yaron, an san na kakan.

A kula da sunan gari. A makarantun boko na Arewa an saba haɗa sunan yaro da sunan garinsu. Haka aka sami Aminu Kano, da Shehu Shagari, da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Saboda haka mutum biyu masu sunan gari ɗaya ba lallai ba ne su zama dangi.

Tsofaffi suna da nasu sunayen wurare. Idan suka ce kaka ya zo daga ƙasar Faransa, suna nufin Jamhuriyar Nijar ta yanzu, kamar Maraɗi ko Damagaram, lokacin da Faransawa ke mulkinta. Kurmi shi ne kudancin Nijeriya. Gwanja tana arewacin Gana. Idan suka ce ya tafi kuza, ya je haƙar ma'adinai ke nan a wajen Jos.

A tambaya kuma a hankali, wane ne ɗan ciki, wane ne ɗan riƙo, wane ne agola. Dukansu 'yan gida ne wajen tuwo da zumunci. Amma wajen gado shari'a ta bambanta su.

WA ZA A TAMBAYA?

A fara da tsofaffin mata. Su ne suka fi kowa sanin zuwan inji, domin su ya sauke wa wahala. Macen da ta yi shekaru tana durƙusawa a kan dutsen niƙa tun asuba ba ta manta shekarar da ta huta. 'Yan matan da ake aika da ƙwaryar dawa zuwa inji a wancan lokaci, yau su ne kakanni. Sun san inda injin ya fara zama. Sun san nawa ake niƙa mudu. Sun san halin mai injin, ko mai haƙuri ne da bashi ko mai faɗa.

Bayan su sai waɗannan:

Tsohon yaron inji. Shi ya san ciniki, da ranar da inji ya lalace, da wanda ya ba da rance aka gyara.

Makanikin da ke zuwa gyara. Makaniki ɗaya yakan zaga garuruwa da yawa. Yakan san daga hannun wa aka sayo kowane inji.

Dagaci da mai unguwa. Gidajensu ne suka san wa ya ba da fili, da su wa suka yi shaida.

Liman. Gidansa ne ya ɗaura aure, ya raɗa suna, ya yi jana'iza.

Wanzami. Shi ya san zanen gidan, ko na Gobirawa ne, ko na Kabawa, ko na Barebari. Zane yakan nuna ƙasar da mutanen gida suka fito.

Maroƙi. Yana riƙe da kirari da jerin sunayen iyaye. Sai dai sana'arsa yabo ce, yakan ƙara gishiri. A rubuta abin da ya faɗa, a nemi tabbaci a wani wuri.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, bayan an gama aikin gona. A je wa kowane tsoho shi kaɗai, domin a cikin taro ƙarami ba ya musa wa babba. Kada a sa masa amsa a baki. Maimakon a ce, "Ashe daga Katsina ya zo ko?" gara a ce, "Baba, daga ina ya zo?" A rubuta abin da aka ji a ranar, tare da sunan wanda ya faɗa da kwanan wata. Idan akwai waya mai ɗaukar murya, a nemi izini sannan a ɗauka.

Kada a raina tsohuwa don ba ta yi karatu ba. A ƙarshen 1949 da farkon 1950 wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a Giwa da Zariya. Sunan tsohuwar Baba, mutuniyar Karo. Baba ta ba ta labarin iyayenta da kakanninta, da aure, da noma, da zamanin hare-hare kafin zuwan Turawa. Ta rasu a 1951. A 1954 aka buga labarin ya zama littafi mai suna Baba of Karo, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Duk abin da ke cikinsa daga ƙwaƙwalwar tsohuwa guda ya fito. Da tsohuwar zuma ake magani.

YADDA AKE GANO SHEKARA

Mutanen da ba su lissafi da lambar shekara. Da abin da ya faru suke lissafi.  Saboda haka kada a ce wa tsoho, "A wace shekara?" A ce masa, "Me ya faru a lokacin?" Sannan a duba wannan jeri:

1903: Turawa sun ci Kano da Sakkwato.
1911: Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano.
1914: Yunwar Kakalaba.
1918: Annobar mura.
1939 zuwa 1945: Yaƙin Hitila.
1956: Zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna da Kano.
1960: Samun 'yancin kai.
1966: Rasuwar Sardauna da Tafawa Ɓalewa.
1967 zuwa 1970: Yaƙin basasa.
1972: Motoci sun koma bin hannun dama.
1973: Canjin kuɗi daga fam zuwa naira, da babban fari.
1976: Kisan Janar Murtala, da fara shirin ilmin firamare kyauta.
1979: Soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna.
1984: Canjin launin takardun kuɗi a mulkin soja na Janar Buhari.

Zamanin sarakuna ma ma'auni ne. A Kano, Abdullahi Bayero ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, Ado Bayero daga 1963 zuwa 2014. A Katsina, Dikko ya rasu a 1944, Usman Nagogo ya gaje shi har 1981. A Zazzau, Ja'afaru ya rasu a 1959, Aminu ya yi har 1975. A Sakkwato, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi daga 1938 zuwa 1988.

Ga misalin yadda ake lissafi. A ce wata tsohuwa ta ce inji ya zo a shekarar da ta yaye ɗanta na fari. A ce kuma ɗan yana cikin yaran farko da aka ɗauka a makarantar kyauta ta 1976, yana ɗan shekara 6. To, an haife shi wajen 1970. Yaye kuwa wajen shekara 2 ake yi. Ke nan inji ya zo wajen 1972. A rubuta "wajen 1972", kada a rubuta kamar an tabbatar.

Kuɗin niƙa ma yana nuna zamani. Kafin 1973 sule 20 ne fam guda, kwabo 12 ne sule guda. Sisi kwabo 6 ne, taro kwabo 3. Idan tsohuwa ta tuna ana biyan taro, kafin canji ne. Amma a yi hattara da sule da fam. Bayan canji mutane sun ci gaba da kiran kobo 10 sule, naira 2 kuma fam.

INJIN DA KANSA SHAIDA NE

Gani ya kori ji. Idan injin yana nan, ko da a mace, a je a dube shi. Idan an sayar, a bi sawunsa zuwa hannun wanda ya saya.

Injin niƙa na da kashi biyu ne. Akwai injin da ke shan man gas, mai manyan ƙafafun ƙarfe masu juyawa, da gangar ruwa a gefe don sanyaya shi. Akwai kuma kan niƙa, inda ake zuba hatsi. Bel ne ke haɗa su. A cikin kan niƙa akwai farantan ƙarfe biyu masu haƙora, ɗaya a tsaye, ɗaya yana juyawa. In an matse su gari ya yi laushi. In an sassauta a sami ɓarza. Kowane kashi yana da sunan kamfaninsa, kuma ba lallai ba ne a ce tare aka saye su.

A jikin injin akwai ɗan faranti da aka buga da ƙusa. A goge shi da tsumma da kananzir. A kwafe duk abin da ke kai, harafi bayan harafi, lamba bayan lamba. In da waya a ɗauki hotonsa.

Da yawa daga tsofaffin injinan nan ana kiransu Lista. Kamfanin R. A. Lister ne ya ƙera su a garin Dursley na Ingila. Irin mai tafiya a hankali ɗin nan an fara yin sa wajen 1930, an daina a Ingila a 1987. Kamfanonin Indiya, musamman na birnin Rajkot, sun kwaikwaye shi suna yin nasu. Faranti zai nuna ko na Ingila ne ko na Indiya. A kan niƙa kuma ana yawan ganin sunan Premier. Na asalin kamfanin R. Hunt ne ya yi shi a Ingila, kuma ma'aikatarsa ta rufe a 1988. Lambar da ke kan faranti tana taimaka wa masana inji su gane shekarar da aka ƙera shi.

Sai dai shekarar ƙira dabam, shekarar zuwa ƙauye dabam. Inji ya fara zama ne a birane da garuruwan kasuwa, sannan ya bazu ƙauyuka. Mutanen karkara da yawa na hannu suka saya. Abin da faranti ke tabbatarwa shi ne, injin bai zo kafin shekarar da aka ƙera shi ba.

A duba dandamalin siminti ma. Wasu magina sukan zana shekara da tsinke kafin siminti ya bushe. Ko babu rubutu, dandamalin yana nuna ainihin wurin da injin ya zauna, kuma wannan yana da amfani ranar maganar iyakar fili.

TAKARDUN CIKIN ADAKA

A roƙi manyan gida su buɗe tsohuwar adaka da gafaka. Kada a yar da takarda ko guda, ko da gara ta ci gefenta. Ga irin waɗanda ake nema:

Rasidin haraji. Yana ɗauke da suna, da gari, da shekara. Namiji yakan shiga haraji ne idan ya balaga ya isa noma. Rasidi mafi tsufa yana taimakawa wajen kintata shekarun kaka. Idan sunan gari ya sauya a rasidan, an gane shekarar da ya yi ƙaura.

Takardar cinikin fili ko gona, ko ta jingina, ko ta aro. Sunayen shaidu suna ƙasa. A nemi 'ya'yansu.

Takardar rabon gado daga kotun alƙali. Ita ce ta fi kowace daraja, domin tana jera magada da dukiya.

Rasidin sayen inji ko kayan gyara, da na kuɗin shiga na En'e ko ƙaramar hukuma.

Littafin bashi, da katin jam'iyyar gama kai, da takardar sallama daga soja, da takardun aikin hajji, da hotuna. A duba bayan kowane hoto, wani lokaci akwai hatimin mai hoto da kwanan wata.

Takardu da yawa da ajami ko Larabci aka rubuta su. A kai wa malamin allo ya karanta, a kwafe da boko. Shekarar da ke kansu ta Hijira ce. Shekara ta 1380 ta kama a 1960, ta 1390 ta kama a 1970, ta 1400 ta kama a ƙarshen 1979. Wasu malamai sukan rubuta haihuwa da rasuwa a gefen littattafansu. In kaka yana da ɗan'uwa malami, a duba nan ma.

OFISOSHI DA GIDAJEN TARIHI

Idan an gama da gida, sai a fita waje. A fara da fadar dagaci da ofishin hakimi, a tambayi tsofaffin littattafan haraji. A je kotun yankin a ga magatakarda, a faɗa masa sunan mamaci da kintacen shekarar rasuwarsa. A je sashen filaye na ƙaramar hukuma. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar izinin riƙe fili a karkara.

A tuna cewa sunayen jihohi sun sauya. Katsina tana cikin jihar Kaduna har 1987. Jigawa tana cikin Kano har 1991. Kebbi ta fita daga Sakkwato a 1991, Zamfara a 1996. Kafin 1967 kuwa larduna ake da su. Saboda haka a nemi takarda da sunan tsohon lardi da sunan ƙasar hakimi.

A Kaduna akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, a kan titin Yakubu Gowon. A can aka tara takardun lardunan Arewa na zamanin Turawa. A cikinsu akwai rahotannin da jami'an mulki suka rubuta a kan kowace gunduma don yanka haraji. Suna faɗin asalin garuruwa, da jerin dagatai, da yawan jama'a, da kasuwanni, da sana'o'i. Akwai kuma Gidan Arewa a Kaduna, tsohon gidan Sardauna, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi a 1970. A Kano akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa. A Sakkwato akwai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu.

Kada a sa rai da yawa. Waɗannan takardu ba kasafai suke ambaton sunan talaka ba. Tarihin gari suke bayarwa, wanda za a jingina tarihin kaka a jikinsa. Yawancinsu kuma da Turanci suke. Wanda zai je ya tafi da ɗan makarantar da ya iya karanta shi. Kuma kada a kashe kuɗin mota sai an gama da tsofaffin gida.

KAFIN ZUWAN INJI

Idan aka ci gaba da yin sama, za a kai zamanin da babu inji ko guda. A lokacin, niƙa aikin mata ne. Mace takan durƙusa a gaban dutsen niƙa, ta riƙe ɗan dutse da hannu biyu tana murza hatsi. A ƙasashen Sakkwato da Katsina ana kiran dutsen marede. In ya yi santsi sai a koɗa shi da makoɗi don ya ci hatsi.

Wasu matan da wannan aiki suka ci abinci. Mai niƙau tana niƙa wa wasu a biya ta. Mai dakau tana daka. Akwai masu surfe da masu sussuka. Ana biyansu da kuɗi, ko da hatsi, ko da dusa. Gwauraye mata da tsofaffi da yawa da haka suka ciyar da marayu. Da inji ya zo, matan aure sun huta, amma masu niƙau sun rasa sana'a, kuɗin niƙa ya koma hannun maza. Wannan ma yana cikin tarihin Gidan Mai Inji.

Saboda haka a ba kakanni mata shafinsu. Sunansu ba ya cikin littafin haraji. Shaidarsu tana cikin tsohon dutsen da aka jingine a bayan ɗaki, da bakin 'ya'yansu mata. A tambayi wa ya kawo dutsen gidan. A saurari waƙoƙin niƙa da na daka da tsofaffi suka riƙe, domin mata sukan saka laƙabin 'ya'yansu da sunan garin iyayensu a ciki.

SHAIDA BIYU

Ba duk abin da aka ji ne gaskiya ba. Tsoho yana mantuwa. Wani yana son ɗaukaka gidansu. Wani yana da tsohuwar gaba. Dokar mai bincike ita ce shaida biyu. Idan mutum biyu da ba gida ɗaya suke ba suka faɗi abu ɗaya, a sa alamar tabbaci. Idan baki da takarda suka dace, ya fi ƙarfi. Idan mutum ɗaya ne ya faɗa, a rubuta "in ji wane". Idan labari biyu suka saɓa, a rubuta duka biyun. Inda ba a sami amsa ba, a bar filin fari. Kada a cike shi da zato, domin jikoki za su ɗauki zaton nan gaskiya ne.

Mai tono yakan tono abin da bai zata ba. Yana iya gano bashin da ba a biya ba. To, a sanar da manyan gida, a nemi magadan mai bashin a sauke wa mamaci nauyi. Yana iya gano cewa filin inji aro ne. Gara a sasanta tun shaidu suna da rai. Yana iya gano cewa wani kaka na can sama bawa ne. Bauta ta daɗe a ƙasar nan, sai a 1936 doka ta kashe ta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya, kuma kuyangi suna cikin waɗanda suka fi shan wahalar dutsen niƙa. Wannan ba laifin wanda aka kama ba ne, ba kuma abin gori ba ne ga jikokinsa. Amma sirrin gida a bar shi a gida. Abin da zai tozarta mai rai kada a karanta shi a dandali.

A ADANA ABIN DA AKA TARA

Idan littafi ya cika, a sake kwafe shi da rubutu mai kyau. A karanta wa tsofaffin da suka ba da labari, su gyara inda aka yi kuskure. A yi kwafi uku. Ɗaya a hannun babban gida, ɗaya a hannun wata 'yar gidan da ke aure a wani gari, ɗaya a hannun mai bincike. In gobara ko ruwa ya ci ɗaya, saura suna nan.

Tsofaffin takardu kada a liƙa musu gam, kada a yi rubutu a kansu. A shimfiɗa su a tsakanin fararen takardu, a sa a akwatin ƙarfe, a ɗora a kan dutse ko benci saboda gara da laima. A riƙa fito da su suna shan iska da rani. A ɗauki hoton kowace da waya, a tura wa ɗan'uwa ko biyu.

A bar shafuka a ƙarshen littafin. Duk haihuwa, da aure, da rasuwa da aka yi a gidan daga yanzu, a rubuta da kwanan wata. Dangin da aka gano a wasu garuruwa kuma a kai musu ziyara da kwafi a hannu, tun da zumunta a ƙafa take. Wanda rubutu ya yi wa wuya ya kai littafinsa ajin yaƙi da jahilci, malamin aji zai taimaka masa.

Allah Ya jiƙan magabata, amin.